Hannun da ke Nuna Ƙasa

Gari bai gama wayewa ba Ettore Zanetta ya riga ya tsuguna gaban wani kabari a maƙabartar kan tudu, yana jiran rana. Haka yake yi tun yana saurayi. A wurinsa rana in ta take tsaka maƙaryaciya ce. Sai tana ɓullowa daga gefe take faɗin abin da ke jikin dutse.

Shekara arba'in da shida yana sassaƙa duwatsun kabari a garin Barre. Ubansa ya zo daga Italiya da guduma ɗaya, ƙurar dutse ta cinye masa huhu, yanzu tarin ya dawo kan ɗan. Ettore bai yi boko mai nisa ba, amma alamomin mutanen dā ya san su kamar yunwar cikinsa. Ɗan rago a jikin dutse, kabarin yaro ne. Hannu biyu a riƙe, ban kwanan miji da mata. Karyayyen ginshiƙi kuwa na wanda aka ɗauke da ƙuruciya. In ka nemi ƙarin bayani, sai ya nuna maka dutse ya ci gaba da aikinsa.

Kabarin na Isobel Petrie ne, wadda ta rasu wurin haihuwa a 1911. Ruwa da ƙanƙara sun siɗe farin dutsen, ba a ganin komai sai hannu ɗaya, yatsa na nuna ƙasa. Jiya jikarta Lorna ta same shi a shago.

"Baba Ettore, so nake ka goge hannun nan. Duk na maƙwabta sama suke nunawa, sai na kakata."

"Wa ya ce miki a goge?"

"Mama. Tana asibiti, kwanakinta sun kusa ƙarewa. A gefen uwarta take so a sa ta, amma ba ƙarƙashin yatsan da ke nuna wuta ba. Tun tana yarinya ake mata gori cewa surukar kakata ce ta sa aka yi shi don ƙiyayya."

Ettore ya yi tari, ya goge baki.

"Ki zo gobe kafin rana ta fito. In kin ce a goge, in goge."

Yanzu ga injin gurza a ajiye kan ciyawa. Norbert mai haƙa kabari ya jingina da shebur yana shan kofi.

"Tsoho, ka taso baiwar Allah da sanyin nan ta kalli dutse? Faɗa mata kawai mana, bakinka haya ka ba da?"

"Kai ka shekara talatin kana surutu a nan, ko mutum ɗaya bai taɓa amsa maka ba."

"Suna dai saurare. Sun fi ka ladabi."

Lorna ta iso ƙudundune cikin kwat. Ettore ya wanke dutsen da ruwa da buroshi, ya nuna mata inda za ta tsuguna. Da rana ta leƙo ta bayan tudu, haske ya kwanta a jikin dutsen daga gefe, sai ƙananan inuwoyi suka tashi. A saman hannun ga gajimare, daga cikinsa hannun ya fito. A ƙarƙashin yatsan ga fure wanda bai gama buɗewa ba, an tsinko shi daga kara.

"Hannun wa ke nan?" in ji Lorna.

"Wa kika sani mai miƙo hannu daga gajimare?"

Ta daɗe tana kallo. Kafin Norbert ya gama kofinsa rana ta ɗaga, gajimare da fure suka koma cikin dutse, aka bar yatsa shi kaɗai.

"Na gani," ta ce. "Hannun Allah ne, Shi ya ɗauke ta. Amma Mama ba za ta iya hawowa nan da asuba ba. Kuma da rana mutane ke zuwa jana'iza. Abin da suka saba gani shi za su gani."

Ettore ya san gaskiya ta faɗa. Ya mayar da injin cikin mota, ya ɗauko ƙaramar guduma da ƙarfen sassaƙa.

Likita ya hana shi shaƙar ƙura tun bara. Safiya huɗu ya yi yana aikin, don layin tsohon masassaƙin ba ya ganuwa sai a ɗan lokacin nan, kuma ya ƙi ƙara ko ɗigo nasa. Yana bi yana zurfafawa, in rana ta ɗaga ya tattara kaya. A rana ta huɗu Lorna ta ɗauki hoton dutsen da tsakar rana ta kai asibiti. Uwar ta riƙe hoton, ta ce a sa ta nan ɗin.

Da ta rasu, Norbert ne ya haƙa ramin. Ya ɗago kai daga ciki ya hangi Ettore tsaye yana tari, tsohon ya cire hularsa yana kaɗe ragowar ƙura daga cikin gajimaren. Ettore ya mayar da hular, ya gangara tudu a hankali. Bai sake hawowa da ƙafarsa ba.