Fitilar Ciyaman da Albasar Argungu

Birnin Kebbi, 5:50

Na bar gidana a Gwadangaji da tsohuwar kwamfuta a kwali. Ƙungiyar manoman albasa ta wata fadama a Argungu ce ta aiko mini. Famfonsu na ban-ruwa ya kwana shida a tsaye, shuka ta fara kwanciya. Aikina shi ne in sake zuba furogiram a aisin da ke ba famfon umarni, ƙwayar nan baƙa mai ƙafafu, ba tare da na cire ta daga allonta ba.

Fijo ta tashi 6:40, mu tara. A shingen farko jami'i ya leƙa kwalin.

"Mi ke cikin wanga?"

"Kwamfuta, yallaɓai."

"Kunna muna mu ga ƙwallo."

Sai da direba ya rantse ba ta kama tasha aka ɗaga mana katako.

Argungu, 8:15

Ciyaman Alhaji Ɗanjumma ya tare ni da fura da jawabin minti arba'in. Ya ce kwamiti ya zauna sau uku, ya gano hannun 'yan adawa ne.

Na haɗa waya daga kwamfuta zuwa allon famfo, na danna. Kwamfuta ta ce ba ta ga aisi ba. Na auna wuta, daidai take. Na canza waya, na rage tsawonta, na duba ƙafar da ke tayar da aisin. Shiru. Wani manomi, Baba Manu, yana tsugune yana kallona kamar mai jinya.

Wajen sha ɗaya na juya allon, sai na ga wata jar waya an manna ta da dalma a daidai ƙafar da saƙo ke shiga. Na bi ta har bakin ƙofar ɗakin famfo. Ashe wayar fitilar da ke haska allon sunan Ciyaman ce, ita ke shanye saƙon.

"Ranka ya daɗe, ko fitila ko ruwa."

Ciyaman ya ce, "Ba a iya barin ta har baƙi su zo Assabar?"

Baba Manu ya miƙe, ya karɓi almakashina. "Alhaji, mun san sunanka ko cikin duhu." Ƙat!

Furogiram ya shiga cikin daƙiƙa ashirin. Kafin azahar ruwa na gudu a kwamin albasa.

Gida, 4:30

Na iso da buhun albasa da ƙarnin kifin fasinja a rigata. Na gode wa Allah, na gode wa Baba Manu. Daga baya na ji an karrama kwamiti.