Ranar da Manhajata Ta Ba da Shaida a Kan Alhaji

Ko zan manta da komai a harkar kwamfuta, ba zan taɓa mantawa da ranar da manhajar da na rubuta da hannuna ta tabbatar wa mutanen Giginyu cewa maigidana ɓarawo ne ba.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba, ga zaɓe ya ƙarato. Wani Alhaji a Nassarawa GRA yana neman kujerar majalisa, ya ce shi ba ruwansa da makaɗa, kada a ce ba ya son Shari'a. Jawabi zai riƙa yi a kaset, a sa a mota mai lasifika a zaga unguwanni. Ni aka ɗauka aikin sauti, kuma shi ne aikina na farko bayan shekara biyu ina zaman kashe wando. Na sa wa tsohuwar kwamfutarsa Linux, don a nan ne mutum zai buɗe cikin manhaja ya gyara yadda yake so. Sai da na yi mako guda ina kokawa kafin lasifikar ta yi ko tari. Da ta yi kuwa, kaina ya kumbura, na ga duk Kano babu kamata.

Abin da ya dame ni shi ne direban Alhaji, wani dattijo mutumin Jigawa. Duk sanda ake ɗaukar murya yana zaune bakin ƙofa, da Alhaji ya ja numfashi sai ya ce, "Haka ne, Alhaji!" A kunnena wannan hayaniya ce kawai. Na yi kwana uku na rubuta manhajar da ta tsince muryarsa tas, na kai wa Alhaji kaset fes ina jiran yabo.

Ya saurara, ya haɗe rai. "Kai, ina mutanena? Ka mayar da ni kamar mai taɓin hankali, ina ta surutu ni kaɗai. Wa zai zaɓi mutumin da ba mai amsa masa?"

Da aka zo ɗaukar jawabi na gaba, direban ya tafi garinsu suna. Alhaji ya ce a jira shi, ni kuma uban iyayi na ce babu buƙata. Na ciro "Haka ne, Alhaji" guda ɗaya mai kyau daga tsohon kaset, na gaya wa manhajar duk inda ta ji shiru ya kai daƙiƙa ɗaya ta saka. Na gwada minti biyun farko, abin ya zauna daram. Sauran minti ashirin ɗin ban saurara ba. Me zan saurara, ba ni na rubuta ba?

Ranar Asabar da hantsi muka fita, direban ya dawo yana tuƙi, ni ina gefensa ina hura hanci. Har muka shiga Giginyu lafiya lau, jama'a suna ɗaga mana hannu. Daidai wajen masu kayan miya muryar Alhaji ta canza, ya shiga ɓangaren mayar da martani.

"Abokan hamayya suna yawo suna cewa wai ni ɓarawo ne." Ya ɗan yi shiru don maganar ta shiga jiki.

"Haka ne, Alhaji!"

Muryar direban ce ta fito ta lasifika, manhajata ta cike shirun.

"Wai ni na cinye filin makarantar unguwa."

"Haka ne, Alhaji!"

Na kai hannu zan kashe, sai na tuna rediyon kaset ɗin tana cikin but ɗin motar, ni da kaina na ɗaure ta can don kada wani ya taɓa mini saiti.

"To jama'a, ku dube ni da kyau. Na yi kama da wanda za a yanke wa hannu?"

"Haka ne, Alhaji!"

Kasuwa ta kece da dariya, har wata mai tumatir ta zauna a ƙasa. Dattijon ya taka birki, ya leƙo ta taga yana rantsuwa, "Wallahi ba ni ba ne! Ƙarya suke yi masa!" Abin tausayi, muryar da yake rantsuwar da ita, ita ce dai ke fitowa a saman motar.

Kafin mu koma gida labari ya riga mu. Alhaji bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi kawai in ajiye makullin ɗakin ɗaukar murya. Ina haɗa wayoyina cikin kunya, dattijon ya tsaya a kaina.

"Injiniya, shekara ashirin ina amsa wa mutumin nan. Akwai wurin haka ne, akwai wurin ƙarya suke, akwai wurin Allah ya kiyaye, akwai kuma inda za ka girgiza kai kawai. Kai ka ɗauka baki nake buɗewa? Sauraro nake yi."

Na rasa aikin, kuma na cancanci rasawa. Abin da na raina na kira hayaniya, ashe sana'a ce da ta fi tawa wuya. Tun daga ranar ba na sakin sauti sai na ji shi daga farko har ƙarshe. Kuma har yau, duk sanda kwamfuta ta nuna mini aiki ya yi daidai, muryar dattijon nan nake ji tana cewa "Haka ne, Alhaji", sai in koma in sake dubawa.