Shekara Gyartai da Ɗakin Ƙoran Kumandan

Shekara gajere ne, mai faɗin ƙafa, ba kyau ba dukiya. Ɗan Dungu ne da ya zo Matameye cin kasuwa, ya ga wuri ya zauna. Ƙanen kakata ne, ita ce ta ba ni labarinsa, kuma ba ta rage masa komai ba. Sana'arsa gyartai: in ƙwarya ta fashe, ya huda bakin tsagar da basilla, ya ɗinke da zaren kaba, har ta riƙe nono ba ɗigo.

Ɗinki kowa na iya koya. Abin da ya ciyar da Shekara bakinsa ne, don ba ya buɗe shi. A zamanin, ƙorai su ne mutuncin ɗakin mace. Wadda ta cika fasa su, sakarya ake ce mata. Saboda haka a jeren ɗaki, ƙwarya mai ɗinki bango take kallo da ɗinkinta, kuma baƙuwar kirki ba ta juyo ta. A ƙunshe cikin tsumma ake kai wa Shekara aiki, a ƙunshe yake mayarwa.

Babbar mai kawo masa aiki ita ce Baiwa mai fura, wadda ake kira ta yi wa amare jere. Bakinta ya fi basillarsa kaifi. Kullum a bakin kasuwa sai ta ce, "Tun da uwata ta haife ni, ƙwarya ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba."

Shekara na shan furarta zai ce, "Haka ne, Yaya Baiwa." Alhali rabin zarensa a kan ƙoranta yake ƙarewa.

Da Nasara suka kama ƙasa, akwai wani kumandan, Baturen mulki, da ke zuwa rangadi daga Damagaram, yana sauka a bariki. Ya ga Shekara na aiki a gindin gawo, ya tsaya ya yi ta kallo. Idrisa tafinta ya ce Bature na son ƙorai masu ɗinki, zai ba da sababbi a madadinsu. Mata suka ce wannan ciwon hauka Allah ya ƙara masa. Sharaɗinsu guda: kada wani ɗan gari ya sake ganinsu. Shekara ya tambayi Idrisa, Idrisa ya ce ai Faransa za a kai su. Shekara ya rantse wa mata a kan haka.

Ba a kai su ko'ina ba. A wani ɗaki na bariki aka jibge su, gara ta ci azara, damina ta zo rufin ya rufta. Aka taso mazan gari aikin tilas, suka kwaɓa ƙasa, suka sake rufi, suka shafe bango da farar ƙasa, suka kafa kantocin jera ƙorai. Da aka gama, kumandan ya ji alheri ya motsa masa. Ya sa aka yi shela: ranar kasuwa kowa ya zo, maza da mata, a buɗe ɗaki a yi kallon ƙorai. Ladan aikin ke nan, kallo.

Shekara ya ji shela yana cikin shan fura a bakin kasuwa. Baiwa ta karɓe ludayinta daga hannunsa.

"Gyartai, Faransar taka a bayan bariki take?"

"Yaya Baiwa, ni aka ce in jera su. Zan jera yadda ake yi."

"In aka kira sunana a ɗakin nan, ko ɗan ƙoƙo ba wadda za ta ƙara kawo maka. Ka koma Dungu ka ɗinke bakin rijiya."

Ya jera su tsaf, kowace da ɗinkinta a bango. Da hantsi kumandan ya shigo, ya ɓata rai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana juyowa. Idrisa, wanda ke kiran kumandan Mushe, ya ce, "Mushe ya ce ɗinkin shi ne abin kallon."

Maza suka fara shiga. Su rufin suka duba, don shi suka sani, suka fita. Sai mata, Baiwa a gaba, sun sha zannuwansu kamar masu zuwa ganin ɗakin amarya. Suka yi sallama, suka shiga. Kowace ta ga tata. Kowace ta ga ta maƙwabciyarta, don zanen ƙwarya ba ya ɓuya. A tsakiya kuma ga wani ƙaton masaki mai zanen ƙadangare, ɗinki tun daga baki har gindi, wanda duk garin ya sha fura a cikinsa.

Ba wadda ta taɓa tata. Amma hannun mace ba ya iya barin irin wannan tsiraici. Wata ta miƙa hannu ta juya ta kusa da ita, wata ta juya ta gaba. Kumandan na bin baya yana juyowa, su suna mayarwa. Baiwa ta dubi Idrisa ta ce, "Ka gaya masa wanda ya yi jeren nan ba shi da uwa a gari."

Idrisa ya gaya masa wani abu dabam, don Bature murmushi ya yi. Ya dafa masakin, ya kira Shekara, ya yi magana. Mazan da suka fita sun dawo bakin ƙofa.

"Gyartai, Mushe na tambaya, wannan babbar ta wace ce? Yana so ya gaishe ta."

Kakata ta ce ba macen da ba ta san masakin Baiwa ba ne.

Shekara ya share gumi. "Tawa ce."

"Taka? To wannan fa?"

"Tawa ce."

"Waccan mai tsaga biyu?"

"Malam Idrisa, kada ka wahala. Duk nawa ne. Hannuna ba ya riƙo. In na ɗauka sai ta faɗi, shi ya sa na koyi ɗinki."

Maza suka fashe da dariya, wani har da zama a ƙasa. Kumandan ya ga jama'a na murna, ya ɗauka ɗakinsa ne ya yi kyau. Wadda ta fi kowa ɗaga murya Baiwa ce.

"Kun ji ko? Namiji har namiji, ya fasa ɗaki guda! Allah ya raba mu da sakarci."

Daga ranar sunansa ya koma Fasau. Maza suka hana shi riƙe butar alwalarsu. Da ya nemi aure a Kance, sunan ya riga shi isa, sai da aka yi ta rarrashi. Kumandan ya sami canji, ɗakin ya koma na ajiye gyaɗa, ƙoran kuma ban san inda suka ƙare ba.

Aiki kuwa har ya mutu bai yanke masa ba, daga Dawce ma ana aiko masa a ƙunshe. Baiwa ba ta taɓa ce masa an gode ba. Kasuwar da ta zagayo bayan kallon nan, ya zo shan fura, ta ajiye wani ƙunshin tsumma kusa da ƙafarsa, tana kallon wani wuri.

"Fasau, ga wata taka. Jiya ka sake ta a bakin murhuna."

Ya ɗaga ƙunshin, ya ji gutsattsarin ƙwarya na motsi a ciki.

"Haka ne, Yaya Baiwa. Wannan karon ma da ƙarfi na sake ta."