Ranar da Kawu Ummaru Ya Zaɓo Oba-Oba

Duk wanda ya san Kawu Ummaru Rafali a Talata Mafara ya san ba ya fita gida sai da usur a wuya da katin gargaɗi a aljihun gaba, ko da ɗaurin aure za shi. Mai shayin bakin tasha ya taɓa rage masa madara. Kawu ya zaro katin nan mai ruwan ɗorawa ya ɗaga masa a gaban jama'a, ya ce, "In ka sake, ja za ka gani." Wallahi madara ba ta ƙara raguwa ba!

Ni Lawali ɗan ƙanwarsa ne. Na daɗe ina riƙe masa tuta a gefen fili, ni da Malam Bello, wani malamin firamare daga Dakko. Kawu a tsakiya, mu a gefe, haka muka zagaye filayen ƙwallon Mafara da Bakura da Maradun.

Wani wasa ne a Maradun ya jawo zancen oba-oba. Na ɗaga tuta an yi satar gida, na yi ta kaɗawa har hannuna ya sage, Kawu bai waiwayo ba, aka zura ƙwallo. 'Yan kallo suka yo kanmu. Ranar ta cikin gonar gero muka fita, sai da muka kai bakin titi muka tsaya. Washegari kwamitin wasanni ya ce dole a saya mana oba-oba, mu riƙa jin juna.

Kawu ya ce, "Mi za ni yi da ita? Ni da in na yi tsawa a Mafara ana jina a Jangebe?"

Malam Bello ya ce, "Ai Malam Ummaru kowa na jin ka. Kai ne ba ka jin kowa."

Kawu ya harare shi ya daɗe, sannan ya ce, "To. Amma ni za ni zaɓa."

Ranar kasuwa muka je shagon wani mai kayan lantarki, ya jera mana iri uku. Kawu ya ɗauki 'yar ƙaramar, mai sheƙi, ya juya ta, sai kawai ya sake ta ƙasa. Batir ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tebur.

"Subhanallahi! Baba, mi na yi maka?" in ji mai shago.

"Kai ba ka yi komai ba. Ita ta hwaɗi jarrabawa."

Ta biyu ya cusa ta a hammata, ya fita ya tsaya cikin rana kamar mai gadi. Mutane suka fara taruwa. Da ya fiddo ta jiƙe sharkaf, sai shuuu take yi. Ya miƙa wa mai shago. "Wagga ba ta son zufa. Alƙalin wasa ko rabinai zufa na."

Ta uku wata ƙatuwa ce baƙa, mummuna, da igiyar sawa a kunne. Ta sha ƙasa, ta sha hammata, ba abin da ya same ta. Kawu ya ba ni ɗaya ya ce in hau babur in nufi Bakolori, kada in tsaya sai na daina jin sa.

Na ce, "Kawu, filin ƙwallo fa taku ɗari ne da 'yan kai."

Ya ce, "Kai dai yaro na har yanzu. Ran Maradun cikin fili munka ƙare?"

Na yi ta tafiya har na fara hango gonakin shinkafa. Can sai ga muryarsa: "Lawali, kana jina?" Na ce ina ji. Ya ce, "Madalla. Sawo albasa ka dawo."

Mai shago ya so ya tallata masa wata da ba a danna komai, kana magana ana ji. Kawu ya girgiza kai. "A'a, mai maɓalli nike so. Akwai abin da nike hwaɗi kan 'yan wasa wanda daga ni sai Allah."

Wasan farko da muka sa ta, na ga satar gida ƙiri-ƙiri, na danna na ce, "Kawu, satar gida!"

Sai na ji, "Lawali, haka anka koya maka? Babu sallama?"

"Salamu alaikum Kawu, satar..."

"Wa alaikumus salam. Ina gajiya? Ya rana?"

Kafin in amsa ɗan wasan ya buga. Allah ya taimake mu ƙwallon ta bi ta sama. Da aka je hutun rabin lokaci Malam Bello ya roƙe shi aka yi sulhu. Daga ranar, kafin a take wasa kowa zai tsaya a wurinsa mu gaisa ta oba-oba, a tambayi iyali, a tambayi shanun Malam Bello, sannan a hura usur.

Sai wasan ƙarshe na kofi a Bakura, Mafara da Bakura, ba wanda ya ci har ana dab da tashi. Mafara suka buga, raga ta motsa, Kawu ya nuna tsakiya. Mutanen garinmu suka ɓarke da ihu. Kun dai san shi, in ya yanke hukunci ya yanku. Sai na ji Malam Bello a kunnena yana cewa ragar ta yage ta gefe, ta nan ƙwallon ta shiga.

Kawu ya tsaya cak, ya dafe kunne. "Bello, da idonka ka gani?"

"Da idona, wallahi."

Na dubi 'yan kallo. Maƙwabtansa ne ke rawa a bakin fili, har da surukinsa. Kawu ya hura usur ya soke ƙwallon. Aka je bugun fenariti, Bakura suka ɗauki kofi.

Mako guda ba mai amsa gaisuwarsa a majalisa. Matarsa Inna Hajo ta ce, "Malam, da ka yi kamar ba ka ji ba mana."

Ya ce, "Ni na zaɓe ta da hannuna. In ce ba ta aiki, a ce ban iya sayayya ba?"

Amma ni na san abin da ya faɗa mini a bayan babur da muke dawowa daga Bakura. Ya ce, "Lawali, na daɗe ina hura usur ni kaɗai. Ashe akwai daɗi wani ya raɗa maka gaskiya kafin ka ɗauki alhakin mutane."

Da daminar bara ya rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya. A maƙabarta, wanda ya fi kowa haƙa shi ne Nasiru, wani ɗan wasan baya da Kawu ya fi kora daga fili. Yana haƙa yana share hawaye, ya ɗago ya ce mana, "Bai taɓa kora ta bisa zalunci ba. Duk na yi." Muka yi dariya, idanunmu cike da ƙwalla.

Allah ya jiƙan Kawu Ummaru, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya yi ƙoƙarin yi wa mutane adalci iya ganinsa. Ya Allah, ka yi masa rahama da falalarka. Amin.