Jirgin Tanko Fita Da Bai Kai Kowa Gida Ba

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Tanko Fita, kuma har yau duk faɗin Jarwal, unguwarmu ta nan Makka, ba a haifi wanda ya yi masa hidimar da na yi masa ba. Kafin in sa baki a lamarinsa mutum huɗu ne suka san yana da jirgi, ɗaya daga cikinsu ma ba ya gani sosai. Da na sa baki, rana ɗaya tal, sai da unguwa ta cika ta batse. Ladan da na samu shi ne ya kore ni daga gidansa, ya shekara huɗu ba ya amsa mini komai sai sallama, ita ma don wajibi ce, sannan ya kwanta ya mutu bai ba ni haƙuri ba. Allah Ya jiƙansa. Na faɗa, don kada a ce ban faɗa ba.

Tanko taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. A loko na Zariya ya yi aikin gyaran kan jirgin ƙasa, can ya samo sunan Fita, wato mai ɗaure ƙarafan inji, can kuma ya samo girman kan da ya ɗauko har Makka bai ajiye ba. Da ya zauna a nan sai ya rasa abin da zai ɗaure wa noti, don garin nan ba dogo ba tasha. Sai ya tara wasu mutum huɗu irinsa, tsofaffin ma'aikatan jirgi, suka kira kansu Majalisar Loko. A tsakar gidansa, da gwangwanin kananzir da ƙarafan tsohuwar lema, suka shimfiɗa dogo. Ga Kano a gindin tulu, ga Zariya wajen ƙofar ɗaki, ga gadar Kaduna a kan kwata. Kan jirgin bai fi tafin hannuna ba, da cikin wani mataccen agogon bango yake tafiya. Fasinja ko ɗaya babu a ciki, don Tanko ya ce ba zai sassaƙa mai rai a garin Allah ba. Wannan kam na yarda da shi. Sauran duka ban yarda ba.

Suka yanke shawarar buɗe ƙofa kowace Juma'a bayan la'asar, kowa ya zo ya gani kyauta. Tanko da kansa ya rubuta sanarwa da ajami a jikin allo, ya jingina a bakin zaure: "Akwai ƙaramin jirgin ƙasa na gwangwani, na kallo ne kawai." Ku ji fa. Wa zai bar inuwa a zafin Makka don ya je kallon gwangwani? Juma'a biyu suna zaune su biyar suna kallon juna. A ta uku ya aiko a kira ni, da yake ni ake nema a unguwa in akuya ta ɓata ko za a raɗa suna.

Ya ce, "Inuwa, abin da ke jikin allon nan za ka faɗa. Kada ka ƙara ko wasali."

Na ce, "Haba ɗan Gwaggo, yaushe na taɓa ƙari?"

Kuma ban ƙara ba, Allah ne shaida. Ragewa na yi. Na cire "ƙarami", don ba a tallar abu da ƙanƙantarsa. Na cire "gwangwani", don cin mutunci ne. "Na kallo ne kawai" ta yi mini tsawo a baki. Da na kai gidan gahawa na biyu, "ƙasa" ma ta faɗi a hanya ban tsaya ɗauka ba. Abin da ya rage shi na yi ta kwararawa lungu-lungu: "Jama'a, jirgi ya iso Jarwal! Yana gidan Tanko Fita! Zai tashi Juma'a bayan la'asar, Kano har Zariya, kyauta!" Ku nuna mini ƙarya ɗaya a ciki.

Abin da ban lissafa ba, lokacin yaƙin Turawa ne. Jiragen ruwa sun yi wuya a Jidda, unguwa cike da mutanenmu da suka gama hajji shekara da shekaru suna jiran abin da zai tsallakar da su. A kunnen irin waɗannan, kalmar jirgi ma'ana ɗaya gare ta. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa ta wane kogi jirgi zai biyo ya shigo tsakanin duwatsun Makka. Wannan kuma laifin hankalinsu ne, kowa da nasa aka haife shi.

Ranar Juma'a na tsaya a bakin ƙofa ina murna, ina cewa a shiga a hankali. Sai na fara ganin ƙunshin kaya a kan mutane. Wani da tabarma, wani da buta da gorar zamzam, wani ya goyo tsohuwarsa. Suka danna cikin zaure kamar an buɗe wa ruwa hanya. Ban ga abin da ya faru a ciki ba, ƙara kawai na ji, wai ashe gadar Kaduna ce, wadda Tanko ya yi wata biyar yana haɗawa, ta tafi a ƙarƙashin ƙafar wani Basakkwace. Aka tattake Zariya. Kano ce kaɗai ta tsira, albarkacin tulu.

Akwai wata tsohuwa, Inna Hajjo, wadda har yau ban manta da ita ba. Ta rabar da tukwanenta, ta sallami ɗakin da take kwana, ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara. Da ta fito daga gidan Tanko ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Dubana kawai ta yi ta ce, "Ɗan nan, ta ina ake shiga?" Matar Tanko, Hajiya Rakiya, ita ta ba ta wurin kwana har Allah Ya yi mata cikawa a nan Makka. Ni kuma umda, wato mai unguwa, ya kira ni ya wanke ni tas da Larabci, ya hana taron Juma'a gaba ɗaya. Tanko ya gyara jirginsa ya rufe ƙofa. Wanda ya ga dama yakan shigar da shi ya nuna masa, ban da ni. Ga abin da ya fi ci mini rai, kuma yau na fara faɗarsa a fili: ni da na tara masa rabin Makka, ban taɓa ganin jirgin nan yana tafiya ba. A ajiye na gan shi, ranar da aka ba ni aiki.

Yanzu duniya ta sake. Alhazai daga Kano ta sama suke sauka Jidda, riga ba ta ko yi datti ba. An ce can gabashin ƙasar nan an shimfiɗa dogo na gaske. Ana ta rushe gidaje ana faɗaɗa Harami. Nakan tambayi kaina me Tanko zai ce da ya ga wannan. Na san amsar. Zai murtuke fuska ya ce jirgin da ba ya bin dogo ba shi da tarbiyya. Da an kai shi ga na gabas ɗin ma sai ya leƙa ƙarƙashinsa ya samo notin da bai ɗauru ba. Mutum ne da bai taɓa yabon aikin kowa ba, bai kuma taɓa sakin nasa da aibi ba. Na rasa wanne ya fi ba ni haushi.

Me ya rage nasa? 'Yan Majalisar Loko saura ɗaya, shi ma ƙafa ta ƙi. Unguwa ta manta sunan wanda ya ƙera jirgin, amma ba ta manta wanda ya yi shela ba, har yau in na shiga gidan gahawa sai wani ya ce, "Ya shehu, yaushe za mu tashi?" Shi ya tafi da mutuncinsa, ni ya bar ni da fasinjoji. Sai kuma jirgin, yana cikin akwati a ɗakin Hajiya Rakiya, an ce kowace shekara takan fito da shi ta shafa masa mai ta ɗaura shi a dogo.

Makon jiya na aje fushi na tafi wurinta. Na ce shekara tara ta isa, a fito da shi a buɗe ƙofa, ni zan sanar da jama'a, kalma-kalma yadda yake a allo. Na ce ko ba a buɗe wa kowa ba, ni dai a bar ni in ga ya zaga sau ɗaya. Ta dube ni ta bayan labule.

Ta ce, "Ai ya bar wasiyya a kanka, Malam Inuwa. Ya ce a nuna maka."

Na gyara zama, har idona ya kawo ruwa.

Ta ce, "Amma ya ce a bari sai ranar da muryarka ta dishe."