Gwaggo Mai-Yiwuwa

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayar mijina, likita mai binciken lafiyar mata masu jego, bayan jinyar ciwon ƙoda da ta daɗe tana ɓoye mana girmansa. Ina cikin wanke kwanuka wayar mijina, ƙanenki, ta yi ƙara, Yaya. Ya saurara, sannan ya zauna a bakin ƙofar kicin da takalmi ƙafa ɗaya. Ban tambaye shi ba. Na dai kashe famfo.

A wurin aiki Dokta ake ce miki, mu a gida Yaya. Yaran dangi kuwa Gwaggo Mai-Yiwuwa suka laƙaba miki, domin da wuya a ji "tabbas" a bakinki. Za ki zo ranar Asabar? Mai yiwuwa. Tarin yaron nan zai wuce da kansa? Mai yiwuwa ƙwarai, amma a kawo shi in gani. Ƙanenki yakan ce ko sunanki aka tambaye ki sai kin nemi lokaci kin yi bincike. Dariya kike yi, ba kya musu.

Da aka kawo ni gidan nan tsoronki nake ji. Zuwanki na farko kika zauna a kan kujera, kika ji tudu, kika ɗaga matashi, sai ga 'yan littattafaina na soyayya da na ɓoye don kada a ce amarya ba ta da aikin yi. Na rasa inda zan sa fuskata. Kika juya guda ɗaya kika ce, "Amarya, waɗannan duk aure ake yi a ƙarshe?" Na ce yawanci. Kika ce, "To ara mini. Na gaji da karanta waɗanda ake mutuwa." Da kika dawo da shi na tarar kin ja layi da fensir a inda jarumar ta suma aka yayyafa mata ruwa, kin rubuta a gefe: a auna jininta tukuna.

Na yi dariya a lokacin. Ban san nawa jinin za ki auna ba.

Na haihu lafiya, aka sallame ni, gida ya cika da masu barka. A cikin makon farko kaina ya fara sarawa, ina ganin walƙiya-walƙiya a idona. Kowa ya ce rashin barci ne, ni ma na yarda. Kika shigo da jakarki, kika tsallake masu yi wa jaririya wasa, kika ɗaura mini abin awon hawan jini a damtse. Fuskarki ba ta canza ba, kika juya wurin ƙanenki kika ce, "Tada mota." Ranar ba ki ce mai yiwuwa ba. Sai da na farfaɗo a gadon asibiti kika yi mini bayani: hawan jini yakan taso wa mace bayan ta koma gida, lokacin da idon kowa ke kan jariri, ya kawo jijjiga, wani lokaci ya tafi da ita ana tsakiyar murna.

Wannan shi ne aikin da kika ba rayuwarki. Kin tura ma'aikatan jinya gida-gida a wasu unguwanni, suna auna masu jego a makon farko, sannan kika kwatanta da unguwannin da ba a zuwa. Na taɓa kai miki abinci ofis, wani ɗaki mai taga ɗaya a ƙarshen baranda, fanka na ƙugi, kwalaye har saman kabad, ga shayi ya huce ya yi fata a kofi. A nan kika gano cewa inda ake ziyarar, matan da ake rasawa sun ragu. Abin da kike nema kaɗan ne: kwamitin tsare-tsare na ma'aikatar lafiya ya mai da ziyarar nan ƙa'ida, kowace mai jego a bi ta gida a auna ta.

A rahotonki na farko kika rubuta cewa mai yiwuwa ƙwarai ziyarar ce ta rage mace-macen. A wurinku masu bincike, wannan magana ce mai nauyi, ma'anarta hujja ta karkata sosai, saura dai a faɗaɗa. A wurin 'yan kwamiti kuwa ma'anarta ba ki sani ba. Sakataren kwamitin da ya taƙaita rahoton a shafi guda sai ya rubuta "ba a tabbatar ba", kuma shafin nan kaɗai aka karanta.

Ranar da kika je gaban kwamitin, ni ina gida ina saƙa yadda zaman zai kasance. Na saba da labaran da gaskiya ke fitowa a babi na ƙarshe, don haka na hango ki a tsaye, zaure ya yi tsit, sannan kowa ya miƙe yana tafi. Da yamma kika biyo ta gidanmu, kika cire takalmi, kika ce in sa miki ruwan ɗumi ki tsoma ƙafa. Kika ba mu labari cewa shugaban kwamitin ya ce miki, "Dokta, ke da bakinki kika ce mai yiwuwa. Ba a kafa ƙa'ida kan mai yiwuwa." Kika ce masa, "Ranka ya daɗe, lemar da ka shigo da ita, an yi maka alkawarin ruwa ne?" Aka yi dariya, aka ce ki ƙaro hujja.

Ƙanenki ya fusata. "Haba Yaya, ki ce musu tabbas kawai mana! Wa zai kama ki?" Kika ce, "Ranar da na faɗi abin da ban gani ba, gobe in na faɗi wanda na gani wa zai saurare ni?" Ya ce taurin kai ne. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinku ba, kuma na san ke ma tambayar ta hana ki sukuni.

Kika koma kika faɗaɗa aikin, shekara bayan shekara. Aka sake membobin kwamiti, kika sake bayani daga farko. Ma'aikatan jinyarki wasu suka bari, kika horar da sababbi. A tsakanin nan matar mai gyaran takalmin da ke bakin titin ofishinku ta rasu kwanaki kaɗan da haihuwa, kuma unguwarsu ba ta cikin waɗanda ake ziyarta. Tare muka je gaisuwa. A hanyar dawowa kika tsayar da mota a gefen titi, kika kifa goshi a kan sitiyari. "Na gaji, Amarya," kika ce. "Ba aikin ne ya gajiyar da ni ba, maimaita shi ne."

Rahoton ƙarshe daga kan gadon wankin ƙoda kika yi shi. Kina faɗa, abokiyar aikinki mai lissafin alƙaluma tana bugawa, ni kuma ina yi miki fifita. Da kuka zo ƙarshe ta tambaye ki yadda za a rufe. Kika daɗe idonki a rufe, sannan kika ce, "Rubuta: hujja ta isa, babu sauran shakka." Ta ɗago ta kalle ki, ta fashe da kuka. Kwamiti ya sa ranar Alhamis don yanke hukunci. Kika sa a goge miki farar rigarki, kika ce ko a keken marasa lafiya ne sai kin je.

Talata kika tafi. Ranar Juma'a shugaban kwamitin ya zo gaisuwa da tawagarsa. Ya yabe ki da kalmomi masu kyau, kuma na ga hawaye na gaske a idonsa. Sannan ya ce, don girmama ki, sun ɗage zaman jiya. Mama, mahaifiyarku, ta ɗago ta ce, "Zuwa yaushe, ɗana?" Ya ce, "Za a sanar, Mama." Ƙanenki ya tashi ya fita daga ɗakin.

Allah ya jiƙan ki, Yaya. Allah ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, Allah ya sanyaya mata zuciya. Ga maigidanki da 'ya'yanki. Ga ƙanenki, da har yanzu yake ɗaga waya zai kira ki. Ga ma'aikatan jinyar da suka taka rana saboda ke. Su kuma 'yan kwamiti, mun karɓi gaisuwarku, mun gode. Amma yau ma an sallami mata daga ɗakin haihuwa, sun koma gida. Don Allah ku zauna ku yanke hukuncin nan.