Muryata a Lasifikar Mai Turi

Ina tsugune gaban mai tumatir, ranar kasuwar Gazawa, sai na ji wata mace a lasifika tana cewa, "Ya ɗago ido daga kwamfutarsa, sai gabana ya faɗi." Na ce a raina kamar na san muryar nan. Sai tumatirin ya zube daga hannuna. Muryata ce.

Tun da na gama lise, wato sakandare, nake rubuta wani ɗan littafin soyayya, labarin yarinyar da ta kamu da son mai shagon waƙoƙi. Don kada ƙannena su gani, sai in laɓe bayan rumbu in karanta ina naɗa a waya da muryar yanga irin ta rediyo, in ƙone takardar. Da safen nan na kai memorina wurin mai turi ya zuba mini sababbin waƙoƙi, na manta sarai babi bakwai na ciki. Shi kuwa kowane memori sai ya gwada shi a lasifika. Ga jarumin littafin har wushirya irin tasa na yi masa.

Duk wannan da sauƙi. Keken ɗinkin Baba yana rumfa ta huɗu daga shagon, kuma Baba ya san ni da Alƙur'ani da girki ne kawai.

Kafin in isa, ƴan kabu-kabu sun kashe babura sun kewaye wurin. Na ja hijabi har hanci. Na tsaya a bayansu.

"Littafin Kano ne," in ji wani.

"Wace Kano? Ba ka ji ta ce lakol maimakon makaranta ba? Wagga tamu ce, ƴar gida."

Sai ga Baba, da tef ɗin awo a wuya.

"Ƙara sauti, ɗana," ya ce wa mai turi. "Yarinyar nan ba ta da kunya, amma ta iya karatu."

Mai turi ya kai hannu zai ƙara, muka haɗa ido. Ya dubi memorin, ya sake dubana. Sai ya zare shi.

"Ƴar Damagaram ce, Baba, wani direba ya kawo. Nan labarin ya tsaya."

"To ya aure ta ko bai aure ta ba?" in ji mai kabu-kabu.

"Je ka Damagaram ka tambaya."

A gida ko ruwa ban iya sha ba, ina jiran sallamar Baba. Bayan la'asar na kasa haƙuri, na koma shagon. Mai turi ya miƙo mini memorin a naɗe cikin takarda, idonsa na kan kwamfuta.

"Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Ban kwafa ba, kuma ba wanda ya gane ki, har Baba. Sai dai ki gyara babi na uku. Ni ban taɓa yi wa mace kuka ba, mura nake yi ranar."